Shinkafata ta yi ƙwari a buhu, a tukunya kuma tana caɓewa

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni amarya ce, watana 5 da tarewa, a Sharaɗa nake zaune. Maigida ya sayo mana buhun shinkafa mai kilo 50 tun kafin ruwa ya sauka, mu biyu ne kawai a gidan. Jiya na buɗe zan ɗiba sai na ga wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe suna yawo, ga kuma gari-gari a gindin buhun. Wata maƙwabciyata ta ce in sayo ƙwayar bom in jefa a ciki. Sannan tunda na zo gidan nan shinkafa ta ƙi yi mini kyau, yau ta caɓe, gobe ta ƙone ba ta nuna ba, alhali a gidanmu ni nake dafa wa mutum 12. In ta dare ta ragu kuma a kula nake barinta zuwa safe. A taimaka mini.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya sanya alheri ya ba da zaman lafiya. Bari in fara da maganar maƙwabciyarki don ita ce ba ta jira. Kada ki sayo wannan ƙwayar, in kin riga kin sayo kada ki buɗe ta a gidanki. Abin da ake kira bom ba ƙwari kaɗai yake kashewa ba. Da ya sha iska mai laima sai ya fara fitar da wani hayaƙi da ido ba ya gani, sunansa fosfin, kuma a rufaffen ɗaki yana kashe mutum yana barci. An yi shi ne don manyan rumbuna da sito-sito na 'yan kasuwa, inda wanda ya san aikin zai rufe wurin kwanaki, ba wanda zai shiga, sannan a buɗe ya sha iska. Sito ɗinki kuwa bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin kwananku. Haka ma ruwan maganin nan irin su Sniper da wasu suke yayyafa wa wake, bai da hurumi a kan abin da za a ci. Saboda ragowar irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu ƙasashenta a 2015. Na san maƙwabciyar taki da zuciya ɗaya ta faɗa, ki yi mata godiya ki bar zancen a nan.

Shinkafarki ba ta lalace ba. Ni 'yar mai sayar da hatsi ce, a cikin buhuna na tashi, yanzu kuma na haura shekara 20 ina girkin biki da suna, ban taɓa ganin damina ta wuce ba tare da wata ta kawo mini irin wannan kukan ba. Kuma ba ƙazantarki ba ce ta jawo, don na san abin da ke cin ran amarya ke nan, kada dangin miji su gani. Ƙwaron nan da shi aka sayo buhun. Macen tana huda ƙwayar shinkafa, ta saka ƙwai ɗaya a ciki, ta liƙe bakin ramin yadda ba za ki gane ba. Tsutsar a ciki take ƙyanƙyashewa, ta cinye cikin ƙwayar, ta riƙa, sannan ta fasa ta fito. Wannan garin da kika gani a gindin buhu shi ne ragowar cinsu. In akwai ɗumi da laima, daga ƙwai zuwa babban ƙwaro wata ɗaya ne ko ya ɗan ɗara, kuma mace ɗaya tana iya saka ƙwai ɗaruruwa. To ki lissafa, buhun ya shigo gidanki a bazara, ya ga Yuni, ya ga Yuli, ya ga Agusta da ruwanta. Jikoki ne kike gani suna yawo.

Ga abin da za ki yi gobe in rana ta fito. Ki share tsakar gida ko baranda, ki shimfiɗa tabarma ko wankakken zani, ki zazzage buhun gaba ɗaya, kada ki bar komai. Ki baza ta da faɗi, kaurinta kada ya wuce gaɓar yatsa biyu. Ƙwarin ba sa son haske da sarari, za ki ga suna bin gefe suna gudu da kansu. Amma ki yi wannan da hantsi ko a inuwa mai iska, kada ki bar ta ƙarƙashin ranar azahar. Gyararriyar shinkafa in rana ta gasa ta sosai sai ta tsattsage, ranar da kika zo wankewa ki ga tana karyewa a hannunki, a tukunya kuma ta zama kamar ta tuwo. Bayan awa 2 ko 3 sai ki tankaɗe ta a rariya mai manyan ido garin ya zube, ki sheƙe ta a faifai ko tire. Ki bar ta ta huce sarai kafin ki zuba a mazubi, don in kika rufe ta da ɗuminta za ta yi gumi a ciki, kin koma gidan jiya. Tsohon buhun kuma ki fitar da shi daga gidan, ki share siton har lungu-lungu.

Wannan ya kori manyan, saura waɗanda ke cikin ƙwaya. Su hanya biyu ce ke maganinsu a gida, sanyi ko rashin iska. In kina da firiza kuma wutarku tana ɗan zama, ki ƙulla ta a leda kwano-kwano ki saka, kowane ƙulli ya yi kamar mako guda yana daskare. In kin fito da shi kada ki kwance nan take, ki bari sanyin ya sake shi a ƙulle, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan shinkafar. Na san a yawancin unguwanninmu mako guda na ƙanƙara ba abin dogaro ba ne, shi ya sa ni na fi amfani da hanya ta biyu. Ki samo jarka mai lita 25 wadda man gyaɗa ya ƙare a ciki, ki wanke ta da ruwan zafi da omo, ki kife ta kwana 2 ko 3 har babu ɗigon ruwa ko warin mai. Kada ki kuskura ki yi amfani da wadda ta taɓa ɗaukar fetur, kalanzir ko maganin feshi, ko an wanke ta sau ɗari. Ki ɗura shinkafar da mazurari, kina jijjigawa tana zama, har ta cika maƙil zuwa wuya. Ki ɗora 'yar leda a baki ki murɗa murfin tamau. Jarka ɗaya tana cin kusan kilo 20. Sirrin yana wajen cikawar. In babu sararin iska, ƙwarin da suka ƙyanƙyashe su ne za su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su mutu da kansu. In kika bar jarka rabi, kin ba su ɗaki da falo. Kuma wadda kika rufe kada ki riƙa leƙa ta, ki bar ta aƙalla wata guda. Ta ci yau da gobe ki ware ta daban a bokiti mai murfi, abin da zai yi muku mako 2.

Irin wannan dabarar ce a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi don ajiyar wake tun farko. Ana samunsa wajen masu kayan noma, yana aiki a kan shinkafa da masara, sai dai ɓera yana huda shi, jarka kuwa sai ya sha wuya.

Za a ce miki ki jefa busasshen barkono, ko ganyen darbejiya, ko kanumfari. Ba laifi, mahaifiyata ma tana yi, kuma yana ɗan hana baƙon ƙwaro kusantowa. Amma ba ya taɓa wanda ke kwance cikin ƙwaya. In za ki saka, ya zama ya bushe ƙayau, ɗanyen ganye laima zai ƙara miki.

Abu ɗaya ne zai sa in ce ki zubar. In kika tarar wani sashe ya dunƙule ya yi curi, ko ya canza launi zuwa rawaya-rawaya, kore ko baƙi, ko kika ji warin hunhuna, wannan ruwa ne ya taɓa shi, kuma dafuwa ba ta kashe gubar hunhuna. Ki kwashe wurin da abin da ke kewaye da shi ki zubar, kada ma ki ba kaji. Galibi gindin buhu ne ke yin haka, saboda an ajiye shi a kan siminti tsirara. Siminti yana tsotso danshi daga ƙasa, bango ma haka, balle sabon gini irin wanda ake kai amare. Ko buhu ko jarka, ki ɗora a kan katako ko bulo biyu, ki janye shi daga bango kamar tafin hannu. Sannan shinkafa tana da kwaɗayin wari. Kada ki haɗa ta waje ɗaya da jarkar man janareta, kwalin sabulu, daddawa, ko kayan ƙamshinki. Na taɓa cin shinkafa da miya a gidan wata amarya, kowace loma turaren wuta. Na yi shiru na cinye, da zan tafi na ja ta gefe.

Ki kuma gaya wa maigida cikin hikima, kilo 50 ya yi wa mutum biyu yawa. Buhun nan kwano 20 ne ko kusa da haka. In kuna cin kwano ɗaya a mako, wata 5 ke nan yana zaune. Na gane lissafinsa, kaya kullum tashi suke yi, wanda ya saya yau ya ci riba. To ya saya, amma a ɗure a jarka ranar da aka kawo, ko kuma ku raba buhu da wani gidan. In da hali, babbar sayayya a yi ta bayan kaka, cikin hunturu, lokacin da sabuwa ta shigo kasuwa kuma iska ta bushe. In ya je kasuwar Dawanau ko Singa ko Rimi, kada ya tsaya a kan zanen buhu, don buhu ɗinka shi ake yi. Ya sa a zaro masa daga tsakiya, ya zuba a tafin hannu ya duba yawan karyayyu da baƙaƙen ƙwayoyi, ya shinshina, sannan ya ciji ɗaya. Busasshiya za ta ce ƙas ta rabu biyu. In ta lotsa ko ta dagargaje a haƙori ba ƙara, ba ta gama bushewa ba, ba ta ajiya ba ce komai arharta. Masana suna cewa laimar cikin shinkafar ajiya kada ta wuce kashi 14 cikin 100, 'yan kasuwa kuma da haƙori suke auna wannan tun kafin a kawo na'ura.

Yanzu mu shiga kicin. Kin ce a gidanku ke ke dafa wa mutum 12 lafiya lau, na kuma yarda. Hannunki bai canza ba, abubuwa uku ne suka canza a lokaci ɗaya: shinkafar, tukunyar, da wutar.

Shinkafa ba iri ɗaya ba ce, ko da sunan ɗaya. Akwai ɗanya wadda aka casa kai tsaye daga shanshera, fara sol, ita ce ta tuwo da waina da sinasir, ba a yi ta don ta ware ba. Akwai turarriya, wadda aka jiƙa da ƙaiƙayinta, aka turara, aka shanya, sannan aka kai inji, irin aikin da matan Kura da Garun Malam da Bunkure suka shahara da shi. Wannan yankin tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 aka ja ruwa zuwa Kadawa yake ciyar da Kano shinkafa rani da damina. Turarawar nan tana taurara ƙwayar, shi ya sa take warewa a tukunya, kuma tana tura sinadaran da ke jikin dusa, irin su bitamin B1, su shige ciki. Don haka ɗan duhun nan da wasu suke raina 'yar gida da shi ba aibu ba ne. Tun da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 injinan gyaran shinkafa suka yawaita a Kano, da yawa suna da na'urar cire tsakuwa, har ta kai wata 'yar gidan in ba a gaya miki ba ba za ki raba ta da 'yar waje ba. Amma kowace da halinta. Irin da ake kira Jamila daban, Sipi daban. Ko iri ɗaya ne, sabuwar da aka girbe bana ba ta shan ruwa kamar wadda ta shekara, tana saurin nuna, tana ɗan danƙo. Tsohuwa ita ce mai auki, ita ce kuma mai ƙishirwa. Shi ya sa ni duk sabon buhun da ya shigo hannuna, ko na biki ne ko na gida, sai na fara dafa gwangwani ɗaya na ga halinsa kafin in ɗora babbar tukunya.

Tukunya kuma, bari in yi miki duba. A gidanku tukunyar Mama irin ta ƙirar gida ce mai nauyi, baƙa ta waje, murfinta yana zama daram, a kan gawayi ko itace. Ke kuma yanzu kina girki da 'yan setin nan na jere masu ƙyalli, gindinsu kamar takarda, murfin gilashi da 'yar huda a sama, a kan gas. Gawayi da kansa yake ja da baya, daidai lokacin da shinkafa ke son wuta ta ragu shi ma ya fara mutuwa. Gas ba ya ragewa sai kin rage shi. Ruwa ya ƙone da wuri, gindi ya kama, sama ba ta nuna ba, sai ki ƙara ruwa, ki juya, ki sake ƙarawa, sai ta caɓe. Caɓewar da ƙonewar duk ciwo ɗaya ne. In za ki iya, ki aika a sayo miki ƙaramar tukunya mai kaurin gindi, ki bar na jeren su yi ado da dafa ruwan shayi. Kafin nan, ki ɗora tsohon murfin tukunya na ƙarfe ko kaskon tuya tsakanin wutar da tukunyar idan kin zo turarawa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Ruwan da ke tashi a tururi bai damu da yawan shinkafarki ba, faɗin tukunya da ƙarfin wuta yake bi. Saboda haka girkin mutum 2 ya fi na mutum 12 saurin ƙonewa, kuma idonki da ya saba da babbar tukunya zai yi ta yaudararki. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, gaskiya ne, sai dai naki ƙimar gidanku ya sani. Ki koma awo na ɗan lokaci. Gwangwanin madara ɗaya ki ware, da shi za ki auna shinkafa, da shi za ki auna ruwa. Turarriya, gwangwani 1 na shinkafa, 2 na ruwa, daga nan za ki fara. In ta fito da tauri, gobe ki ƙara kwata. In ta yi laushi da yawa, ki rage kwata. Kwana 3 kin kama bakin zaren buhunki. Basmati ba ta kai haka sha ba, in kin jiƙa ta minti 20 zuwa 30, gwangwani ɗaya da rabi na ruwa ya ishe ta. Ta tuwo kuwa 3 zuwa 4 take ci, don so ake ta narke.

Wanki sau 2 ko 3 ya isa, kina cuɗawa a hankali da yatsu har ruwan ya daina fari sosai. Wannan farin garin sitaci ne, shi ke sa ƙwayoyi su manne. Taki da ta yi ƙwari ki zuba ruwa da yawa, ƙwarin da ƙwayoyin da aka cinye cikinsu za su taso sama ki tsiyaye. In mai tsakuwa ce sai an rege, kuma ina mamakin yadda 'yan matan yanzu da yawa ba su iya ba. Mahaifiyata ƙwarya biyu take ɗauka, ta zauna a kujera 'yar tsugunno. Ta zuba shinkafa da ruwa a ɗaya, ta karkata bakinta kan ɗayar, tana kaɗa ta a hankali hagu da dama, ruwan yana ɗebo shinkafar sama-sama yana zubawa. Ba ta ko kallo, hira take yi. Kunnenta ne ke aiki, da ta ji ƙarar ta canza ta koma ƙarar-ƙarar a gindin ƙwarya sai ta tsaya, ta nuna mini ɗan abin da ya rage, yashi da tsakuwa kusan cokali guda. Sai ta maimaita sau biyu. Ƙwarya ta fi roba a wannan aikin saboda cikinta yana da kaushi, yana riƙe tsakuwar.

Ga yadda nake dafa fara. Ruwan da na auna ya tafasa tukuna, da gishiri da ɗan cokalin mai. In zuba wankakkiyar shinkafa da na tsane, in juya sau ɗaya tak don kada ta kwanta, in bar wuta da ƙarfinta. Idan ruwan ya ja ya yi daidai da kan shinkafar, kika ga 'yan ramuka suna buɗewa suna huci, to nan ne wurin. Ki mai da wutar can ƙasa, iyakar inda gas ɗinki zai iya ba tare da ya mutu ba, ki rufe ruf. In murfin mai huda ne ki toshe, ko ki shimfiɗa takardar foyil ko tsabtataccen ƙyalle a ƙarƙashinsa, ki naɗe gefen ƙyallen sama kada wuta ta kama. Ni ba na son rufawa da baƙar leda ko buhun shinkafar kamar yadda ake yi a gidan biki, zafi yana narka su a kan abinci. Daga nan minti 15 zuwa 20, mai tauri ta kai 25. Kada ki buɗe, kada ki juya. Tururin da kike saki duk buɗewa shi ne ke dafa ta saman, juyawa kuma tana farfasa ƙwaya ta saki danƙo. In lokaci ya yi ki kashe wuta ki ƙara barinta a rufe minti 10. Wannan hutun mutane ke tsallakewa saboda maigida ya shigo yana jira, alhali a cikinsa ne laimar ƙasa ke hawa sama, ƙanzo ma ya saki tukunya. Sannan ki barbaza ta da cokali mai yatsu.

In kin buɗe kin tarar ruwa ya ƙare da sauran tauri, ruwan zafi za ki yayyafa, kamar rabin kofi, ba na sanyi ba, ki mayar da murfi. In ta fara caɓewa ki sauke ki baza a faffaɗan tire ta sha iska, tana ɗan dawowa. In ta wuce gyara kada ki tsaya jayayya da ita, ki ƙara ruwan zafi ki ɗauko muciya, ki kaɗa miyar kuka ki ce dama tuwo kika yi niyya. In kuma ta kama, ki juye ta sama a wata tukunyar ba tare da kin kankaro gindin ba.

Za ki tambaye ni batun tafasa ɗaya a tsiyaye a wanke, sannan a mayar. Ina yi wa shinkafar da ke da wari ko ƙura ko danƙo da yawa, taki ma ta wannan buhun za ki iya yi mata. Amma tsabtatacciya ba ta bukata, wani amfanin nata ne ke bin ruwan zuwa kwata. Kuma masu cewa tsiyaye ruwan yana mai da ita ta masu ciwon suga, ba haka ba ne, yawan abin da aka zuba a faranti shi ne magana, da abin da aka haɗa ta da shi. A dafa-duka ki tuna kayan miyan da ruwan naman duk ruwa ne, ki sa su a lissafi, ki kuma soya kayan miya su tsane sosai kafin shinkafa ta shiga. Garau-garau kuwa wake ne ke fara shiga, sai ya yi kusan nuna, ki latsa ya fashe da ɗan tauri, sannan shinkafa ta bi. Kanwa 'yar kaɗan, in ta yi yawa launi da ɗanɗano duk su tafi.

Saura maganar kula, kuma ita ce ta fi damuna bayan ta bom. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zuwa da shinkafa tun daga gona, likitoci suna kiranta Bacillus cereus. Tana da wani irin ƙwanso da tafasa ba ta kashe shi. Muddin shinkafa tana da zafi sosai, sama da digiri 60, ba ta motsi. In tana cikin sanyin firij ma haka. Amma tsakanin nan, ɗumi-ɗumin da abinci ke yi bayan 'yan awanni a kula, shi ne daidai abin da take so. Sai ta farka ta hayayyafa ta zuba guba, gubar kuma ɗumame ba ya karya ta, ko kin soya shinkafar da safe. Alamarta amai da murɗawar ciki, galibi cikin awa 1 zuwa 5 bayan ci. Abin haushin, sau da yawa ba wari ba yauƙi, hanci ba zai gaya miki komai ba. Mutane sai su ce sanyi ne ko shawara, ko su ɗora wa miya laifi.

Ni a jikina na koya. Farkon fara sana'ata na karɓi girkin wani biki a watan Afrilu, zafin nan na Kano da ke haura digiri 40. Don gudun makara na gama shinkafa tun ƙarfe 7 na safe, na danna a manyan kuloli na rufe. Aka yi ta jan lokaci, ba a buɗe ba sai bayan magariba. Da na ɗaga murfin farko ruwa na ɗiga daga cikinsa, shinkafar ta yi ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi, na sa cokali na ɗago na ga zare yana binsa. Allah ya taimake ni wannan ta nuna kanta. Na sa aka kwashe, muka ɗora sabuwa a gurguje, ribar aikin da wani abu daga aljihuna duk suka tafi. Tun daga ranar nake tambayar uwar biki ƙarfe nawa za a ci, ba ƙarfe nawa aka rubuta a kati ba.

Kula ta kai abinci daga kicin zuwa cin rana ce, awa 2 ko 3, ba ta kwana ba ce. Abin da kika san zai ragu, ki raba shi tun da zafinsa, kada ki jira a gama hira. Ki baza a tire ƙarƙashin fanka, cikin minti 20 zuwa 30 ya huce, ki zuba a roba mai murfi ki sa a firij, duka-duka kada a wuce awa ɗaya da saukewa. Washegari ki ɗumama da 'yar yayyafin ruwa har tururi ya ratsa ko'ina, a cinye a zama ɗaya, ba a ɗumama shinkafa sau biyu. Da azumi a kiyaye wannan sosai, don a nan aka fi faɗawa: a dafa da la'asar, a ci bayan tarawi, a bar sauran a kula har sahur, awa 12 ke nan a ɗumi. In daren ba wuta kuma firij ya saki, gara ki auna gwangwani ɗaya da rabi ku cinye ku biyu, na safe ki ɗora sabuwa, minti 30 ne. In har an wayi gari da ragowar da ta kwana a waje cikin zafi, kada ki ba almajiri, shi ma cikinsa irin naki ne.